Majalisar Iyaye da Malamai ta Gunduma: Aikinta da Iyakar Ikonta

Kusan duk mai ɗa a makaranta ya san Ƙungiyar Iyaye da Malamai, wadda aka fi kira PTA. Ita ce takan kira taro a ƙarshen zango, a shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, a yi maganar rufin ajin da iska ta yaye ko rijiyar da ta ƙafe. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙungiyoyin makarantun da ke yanki guda suna iya haɗa kai su kafa majalisa ɗaya wadda za ta yi magana da yawunsu duka. Wannan ɗan littafi zai bayyana aikin irin wannan majalisa, ya kuma amsa tambayar da akan jefa wa shugabanninta a ofisoshi, watau: wa ya aiko ku?

Abin da ya fi ƙarfin makaranta ɗaya

Bari mu ɗauki misali da Maisandari, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birnin Maiduguri. A watan Maris na 2014 Gwamnatin Jihar Borno ta rufe makarantun sakandare saboda hare-haren Boko Haram. Dubban mutanen da suka tsero daga garuruwansu suka sauka a Maiduguri, aka zaunar da su a makarantun gwamnati, da yawa daga makarantun nan kuwa ba a sake buɗe su ba sai 2016. Sa'an nan a ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin, aka sake rufe makarantu, waɗansu suka koma mafakar waɗanda ruwa ya kora.

A irin wannan hali, me ƙungiyar makaranta ɗaya za ta iya? Idan an rufe makarantar da ke makwabtaka da ita, yaran can nan za su kwararo, aji ya cika ya batse. Hedimasta ba shi da ikon ɗaukar malami, ba shi da kuɗin gina aji. Idan iyayen kowace makaranta suka tafi ofis daban-daban, kowa da takardarsa, to, wanda ya san wani babba shi za a fara saurara, makarantar talakawan da ba su san kowa ba kuwa ta yi ta jira. Amma in wakilan makarantun Maisandari duka suka zauna suka jera bukatunsu, suka yarda a junansu wace makaranta ce ta fi shiga uku, sai maganar ta isa ofis da nauyi, kuma ba wanda zai ce an yi son kai.

Inda kuɗi da iko suke

Kafin a kai kuka, wajibi ne a san gidan da za a kai shi. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta na UPE a watan Satumba na 1976, yaran da suka zo sun zarce adadin da aka yi tanadi dominsu, iyaye a wurare da yawa suka tashi da kansu suka yi rumfuna da azuzuwa. Tun daga nan aka gane cewa gwamnati ba za ta iya ita kaɗai ba. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. Bisa ga dokar nan, Gwamnatin Tarayya takan ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigarta domin ilmin firamare da ƙaramar sakandare, amma jiha ba za ta karɓi rabonta na gine-gine ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Hukumar SUBEB ce ke riƙe da aikin a jiha, a ƙarƙashinta kuma kowace ƙaramar hukuma tana da Hukumar Ilmi wadda Sakataren Ilmi ke jagoranta.

Ke nan abokin maganar majalisar gunduma na farko shi ne Sakataren Ilmi. Daga shi sai SUBEB, sai kansila da ɗan majalisar jiha idan maganar ta shafi kasafin kuɗi.

Wa ya ba ta iko?

A nan ne ake yawan ruɗewa. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin haɗuwa da waɗansu su kafa ƙungiya don kare bukatunsu. Saboda haka iyaye ba sa bukatar alfarmar kowa kafin su kafa majalisa, jami'in da ya ƙi karɓar takardarsu da sunan cewa ba a san da su ba kuwa ya yi kuskure. Ƙungiyar NAPTAN ma, mai haɗa iyaye da malamai a matakin ƙasa, a kan wannan 'yancin take tsaye. A Amurka, inda abin ya samo asali da taron uwaye na birnin Washington a 1897, an daɗe da irin waɗannan majalisu na yanki.

Amma fa 'yancin magana daban, ikon zartarwa daban. Majalisa ba ta canja wa malami wurin aiki, ba ta korar hedimasta, ba ta rufe makaranta. Kada kuma a haɗa ta da Kwamitin Gudanar da Makaranta, watau SBMC, wanda Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince a kafa a tsakiyar shekarun 2000. Shi wannan kwamiti na makaranta ɗaya ne, a cikinsa akwai mai unguwa da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai, kuma hukuma ce ta tsara shi.

To, tun da doka ba ta ba ta sanda ba, ƙarfin majalisa bai wuce yawan iyayen da suka aiko ta da gaske ba. Mun sha ganin mutum uku ko huɗu sun buga hatimi, sun yi takarda mai tambari, suna magana da sunan iyayen gunduma, alhali ɗayansu ma ɗansa ya gama makaranta tun shekaru goma. Lalle ne kowane wakili ya zama taron iyayen makarantarsa ne ya zaɓe shi, a rubuta ranar zaɓen da adadin waɗanda suka halarta, a kuma yanka wa shugabanni wa'adi. A wuri kamar Maisandari, inda Barebari da Hausawa da Shuwa da Babur da Margi ke zaune tare, taron da aka yi shi da harshe ɗaya ba tafinta ya bar waɗansu a waje ko da suna zaune a ciki. Haka nan uwaye. Mata da yawa a Maiduguri su ne uwa su ne uba tun da rikici ya raba su da mazajensu, in an sa taro bayan sallar isha'i an san ba za su zo ba. Yana da kyau a sanar da Bulama da Lawani duk abin da ake ciki, amma majalisa ba fadarsu ba ce.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa ba kunya. Malami ma'aikacin hukumar da ake kai wa kuka ne, albashinsa da ƙarin girmansa suna hannunta. Ba adalci ba ne a tura shi gaba. Shugaba ya zama uba ko uwa, malamai su kawo ƙididdiga da shawara.

Maganar kuɗi

Ba abin da ke zubar da mutuncin majalisa da sauri kamar kuɗi. Dokar 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati kyauta ne, wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka ana iya cin sa tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyu. Gudummawar da iyaye suka amince da ita a taro ta son rai ce, ba a korar yaro daga aji saboda ita. A 2016 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta soke harajin gine-gine da ƙungiyoyin iyaye ke ɗorawa a kwalejojin Gwamnatin Tarayya, irin su ta Maiduguri, bayan da ta lura a waɗansu wurare harajin ya zarce kuɗin makarantar kansa. Majalisar gunduma ba ta bukatar kuɗi mai yawa: takarda, kuɗin mota, hayar kujeru. Ko nawa ne, a ajiye shi a banki, mutum biyu su sa hannu, a karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara.

Yadda ake kai kuka

Takardar da ta ce makarantunmu sun lalace, a taimaka, ba ta motsa kowa. A rubuta sunan kowace makaranta, yawan yara, yawan malamai, azuzuwa nawa ba rufi, ban ɗaki nawa na 'yan mata ke aiki. A sa hannun wakilan makarantu duka. A kai wa Sakataren Ilmi, a nemi ya buga hatimin karɓa a kan kwafi, a aika da wani kwafin ga SUBEB. A lura da lokaci kuma, domin gwamnatocin jihohi kan kai kasafin kuɗinsu gaban majalisa a ƙarshen shekara, takardar da ta iso bayan an gama kasafi sai ta jira shekara mai zuwa. Bayan wata guda wakilai su koma su ji inda aka kwana, amsar da aka ba su kuwa, mai daɗi ko marar daɗi, su maido ta ga taron iyayen kowace makaranta kamar yadda aka faɗa musu.