A Zango Ake Cin Tsere

Dattawanmu na ƙasar Funtua da Malumfashi sukan ba mu labarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Tafiya ce ta watanni. Ayari yakan tashi da asuba, kafin rana ta tsananta madugu ya ce a ya da zango. Abin da falke zai fara yi shi ne ya sauke wa jakinsa kaya, ya cire akumari, ya duba bayansa ko akwai miki, ya ba shi ruwa da ciyawa. Sai bayan haka ya nemi abin da zai sa a bakinsa.

Ashe wannan hikima ba tamu kaɗai ba ce. A Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, akwai wani tsere mai suna Iditarod da aka fara a 1973. Ana yinsa a watan Maris, tafiyar wajen mil 1,000 har garin Nome. Karnuka fiye da goma ne suke jan mutum ɗaya a kan amalanke marar taya, mai zamewa bisa ƙanƙara.

A hanyar akwai zango fiye da 20, galibi a ƙananan ƙauyuka. Tun kafin ranar tsere, ƙananan jiragen sama sun riga sun kai buhunan abinci. Da mutum ya iso, sai ya sa hannu a littafi, a duba ko yana da gatari da jakar barci da sauran kayan dole. Sannan ya shimfiɗa wa karnukan tattaka, ya cire musu 'yan takalman ƙyalle, ya shafa magani a dagi, ya narka ƙanƙara ya dafa musu nama. Likitocin dabbobi su saurari zuciyarsu, su tattaɓa gaɓoɓinsu. Karen da ya gaza, a nan za a bar shi, jirgi ya mai da shi gida. Shi mai karnukan barcinsa kaɗan ne.

Doka ta tilasta hutun awa 24 sau ɗaya, da awa 8 a bakin kogin Yukon, da wata awa 8 a White Mountain, saura mil 77 a gama. Dick Wilmarth da ya ci na farko ya yi kwana 20. Yanzu wajen kwana 9 ake yi, kuma da hutun nan a ciki. Wanda ya yi gaggawa ya wuce zango, sau da yawa karnukansa sukan kwanta a tsakar daji su ƙi tashi.

To, 'yan'uwa, mu fa? Idan damina ta faɗi, kowa yana so ya riga maƙwabci gama huɗa. Mukan ga an bar shanu cikin karkiya har azahar, wuya ya ɗaye, ba ruwa, ba inuwa. Sa ɗaya ya kwanta a tsakiyar damina, gonar masara da ta auduga sun tsaya, ga bashin taki yana jira.

Mu fita da sassafe, mu kwance su da hantsi ya yi zafi. Mu duba wuya da kofato, mu ba su dusa da kanwa kafin mu zauna cin tuwo. Mu koya wa yaranmu masu jan shanu haka. Fatake sun faɗa tuntuni: sauri ya haifi nawa.