Kwamfutar ofis ta ƙi buɗuwa daga nesa? A duba ƙofa ta 3389 tukuna

Ƙarshen wata ya zo, akawu yana gida, yana son shiga kwamfutar ofis ta Remote Desktop ya kammala lissafin albashi. Allo ya yi ta juyawa, can sai ya ce haɗin bai yiwu ba. Shawarar da wasu masu gyara kan bayar nan take ita ce a kashe katangar tsaron Windows baki ɗaya. Wani lokaci aiki kan tashi, amma an rushe garun gida ne don makullin zaure ya cije.

Kwamfuta tana karɓar baƙi ta ƙofofi masu lamba, har zuwa 65535, kuma Remote Desktop na amfani da ta 3389. Abin da ya kamata a gano shi ne ko sallama tana isa ƙofar nan. A PowerShell, sai a rubuta Test-NetConnection, a sa adireshin kwamfutar, a biyo da -Port 3389. In amsa ta fito True, hanya lafiya lau, sai a nemi matsalar a kalmar sirri ko izinin mai shiga.

Manhajar Nmap, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997, ta fi fayyace magana. In ta ce "open", ƙofa a buɗe take. In ta ce "closed", saƙo ya isa amma babu mai amsawa, galibi ba a kunna Remote Desktop ba ne, ko kuma Windows ɗin samfurin Home ce, wadda ba ta karɓar irin wannan haɗi sam. "Filtered" kuwa tana nufin wani abu ya haɗiye saƙon a hanya, a nan ne ake tuhumar katanga. To amma wace katanga? Akwai ta kwamfutar, akwai ta rauta, akwai ta kamfanin intanet. Dabarar ita ce a gwada daga cikin ofis, sannan daga waje. In ta amsa a ciki ta yi shiru a waje, galibi Windows ba ta da laifi. Masu intanet na layin waya su sani cewa kamfanoni kan haɗa abokan hulɗa da yawa a adireshi guda, don haka duk saitin da aka yi wa rauta ba lallai ya yi tasiri ba.

Ɓarayin intanet ma da irin wannan bincike suke farauta, dare da rana suna laluben 3389 da aka bari a fili. Gungun SamSam, waɗanda suka kulle kwamfutocin birnin Atlanta na Amurka a 2018 suna neman kuɗin fansa, sun yi suna wajen shiga ta wannan ƙofa. A Mayun 2019 aka bayyana ramin tsaro na BlueKeep a Remote Desktop, mai ba mai kutse damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. Lamarin ya yi munin da sai da Microsoft ta fitar da faci har ga Windows XP da ta daina kulawa tun 2014.

Gyaran da ya dace shi ne a bar katanga a kunne, a ba da izini ga adireshin da aka sani kaɗai, ko a bi ta VPN, a kuma kunna NLA, wato tantance mai shiga kafin a buɗe masa haɗin. Binciken ƙofofi kuma a tsaya kan na'urar da mutum ya mallaka ko aka ba shi izini a rubuce, domin a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara kan kutse cikin kwamfutar wani.