Rakoda da Walkman: Kayan da Muka Fi Mallaka a Shafin Jarida

Duk wanda ya taɓa buɗe ɗaurin jaridun shekarun 1970 da 1980 a laburare ya san yadda ido ke zamewa daga labarin siyasa ya faɗa kan talla. Ga hoton rakoda ya cinye rabin shafi, eriya a miƙe, lasifika biyu dama da hagu, mariƙi a sama. A ƙarƙashi an jera ƙananan rubutu: tana kama gajeren zango da matsakaici, tana aiki da wuta ko da manyan batura shida, akwai makirfo a jikinta, kuma tana tsayawa da kanta idan kaset ya ƙare. Can ƙasa sunan shago. Irin waɗannan shafuka yanzu haja ne. Ana yanko su daga tsofaffin mujallu a sayar a eBay, wanda ya saya ya sa a firam ya rataye a falo.

Ban yi mamaki ba. A zamanin da kayan nan ke tashe, masu kallon tallar sun ninka masu saye nesa ba kusa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yaro ya haddace lambar samfuri da yawan batir, ya iya musu a kai da abokansa, alhali bai taɓa danna maɓallin ba. Galibin masu begen yau, abin da suke bege shi ne wancan kwaɗayin.

Dubi farashin. Rediyon aljihu na farko mai amfani da taransisto, Regency TR-1, ya fito a Amurka a ƙarshen 1954 a kan dala 49.95, kuɗin da ya haura rabin albashin mako guda na ma'aikacin masana'anta. Sautinsa bai taka kara ya karya ba, abin da aka sayar shi ne ƙanƙantarsa. Kamfanin Japan da daga baya ya koma suna Sony ya fitar da TR-63 a 1957, ya yi ta tallarsa a matsayin rediyon da ke shiga aljihun riga. Sai dai ya ɗan fi aljihun girma. Labarin da aka daɗe ana bayarwa a tarihin kamfanin shi ne, an ɗinka wa masu tallan riguna masu faffaɗan aljihu don kada abin ya ba su kunya a gaban masu saye.

Kaset kuma daga Philips ya fito. Ayarin injiniya Lou Ottens a Hasselt ta ƙasar Beljiyam ne ya ƙera shi, aka nuna shi a bajekolin rediyo na Balin a 1963. Da Sony ta matsa lamba, Philips ta bar kowa ya yi amfani da fasahar ba tare da biyan ko kwabo ba, shi ya sa kaset ɗin TDK ke shiga rakodar National ba gardama. Da aka haɗa kaset da rediyo a akwati ɗaya, sai gasa ta koma ta girma da ƙara. JVC RC-M90 ta 1981, wadda hotonta ke bangon faifan mawaƙi LL Cool J na 1985, batura goma take ci. Tallar wannan zamani duk lamba ce: inci nawa ne faɗin lasifika, wat nawa take bayarwa. A nan ne ma masu talla suka koyi auna wat da wani sikeli nasu na daban, har akwatin da ke aiki da batirin tocila ya riƙa iƙirarin ƙarfin da ya fi na amsa-kuwwar gidan biki.

Walkman ce ta sauya salon. Ranar 1 ga Yuli 1979 Sony ta fitar da TPS-L2 a Japan a kan yen 33,000, sama da rubu'in albashin farko na wanda ya gama jami'a. An samo ta ne daga Pressman, rakodar 'yan jarida, bayan an cire mata lasifika da sashen ɗaukar magana, saboda Masaru Ibuka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, yana son sauraron kiɗa a doguwar tafiyar jirgi. Ta yaya za a tallata rakodar da ba ta ɗauka, ba ta kuma da lasifika? Babu lambar da za a yi taƙama da ita. Sai Sony ta kwashi 'yan jarida a bas zuwa lambun Yoyogi a Tokyo, ta miƙa wa kowa na'urar. Suna sauraron bayani ta kunne, samari da 'yan mata na wucewa ta gabansu a kan keke da takalmin taya, kowa da tasa a kunne. Daga nan hoton talla ya koma kan mutum, na'urar ta zama ɗan abu a ƙugunsa.

Akio Morita, abokin Ibuka a Sony, da kansa ya ji tsoron kada a ɗauki sauraro kai kaɗai a matsayin rashin ladabi. Shi ya sa samfurin farko ke da kafar abin kunne guda biyu, da wani maɓalli ruwan lemo da ake dannawa a rage kiɗa a yi wa abokin sauraro magana. Ba a jima ba aka cire maɓallin, don masu saye sun nuna kaɗaicin suke so. Sunan ma an yi ta kame-kame: Soundabout a Amurka, Stowaway a Ingila, Freestyle a Suwidin, kafin a haƙura da Walkman ko'ina.

A ƙasar Hausa tsoron Morita yana da tushe. Walkman ta shigo, 'yan makaranta da 'ya'yan masu hali sun rataya, amma rakoda ce ta yi sarauta. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya kwashe irinta da yawa daga kantunan Kingsway da Leventis da UTC zuwa ɗakunan samari da na amare, wasu har da rigar da aka saƙa mata don ƙura. Kayan majalisa ce. A teburin mai shayi ita ke kawo sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957. Bayan labarai a zura kaset ɗin Shata ko Ɗanmaraya, ko waƙar fim ɗin Indiya, da azumi kuma tafsiri. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafar kaset. Wanda ke ci-rani a Kurmi ko Makka, in bai iya rubutu ba, sai ya danna maɓallin ja ya gai da kowa da sunansa, ya ba matafiyi ya kai gida. Wannan amfanin babu mai talla a Tokyo da ya zana shi.

Bege yana da saurin yafiya, don haka a tuna da wahalar. Batir in ya yi sanyi, muryar mawaƙi ta riƙa jan ƙafa tana kauri, a ciro baturan a shanya a rana ko a ɗan cije su don su ƙara kwana. Rakoda ta tauna kaset, a zaro zaren a hankali a lallaɓa shi, a zura biro a rami a naɗe, in ya tsinke a liƙa da jan farce. Wurin da ya yamutse kuwa har abada sai an ji shi a waƙar. Don tsimin batir ma da biron ake mayar da kaset baya.

Sony ta daina sayar da Walkman mai kaset a Japan a 2010, bayan ta sayar da kimanin miliyan 200. Fim ɗin Guardians of the Galaxy na 2014 ya sa TPS-L2 a hannun jaruminsa, farashin tsohuwar ya yi tashin gwauron zabi. A Birtaniya an sayar da kaset kusan 195,000 a 2022, adadin da rabon a ga irinsa tun 2003. Mai sayen tsohuwar na'urar yanzu mutum ne mai furfura da albashi, yana biyan bashin da yaro ya ci wa kansa a gaban shafin jarida. Idan kayan ya iso, sau da yawa robar bel ɗin da ke juya injin ta narke ta zama baƙin danƙo, sai an nemi mai gyara, su kuwa masu gyaran tuni yawancinsu suka koma gyaran waya. Sababbin da ake ƙerawa yanzu sun fi na ƙarshen shekarun 1980 kauri, kuma sautinsu bai kai ba, domin masana'antun da suka iya ƙera injin mai kyau sun daɗe da rufe wannan sashe.

Shi kansa Ottens, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 94, bai shiga sahun masu begen ba. Yana cikin waɗanda suka ƙera faifan CD tare da Sony, kuma da 'yan jarida suka tambaye shi game da dawowar kaset, cewa ya yi CD ya fi shi sauti.