Ƙwayoyin Cuta a Buɗaɗɗen Rauni da Aikin Ma'aikacin Jinya

Fata ita ce ganuwar jikin ɗan Adam. Da zarar ta tsage, ko ta hanyar yanka ko ƙuna ko gyambo, to ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. Sai dai babu buɗaɗɗen raunin da ya rasa waɗannan ƙwayoyi, kuma kasancewarsu kaɗai ba ciwo ba ne. Sai sun hayayyafa sun rinjayi garkuwar jiki, sun kutsa cikin lafiyayyen nama, sannan a ce rauni ya harbu. Alamominsa kuwa su ne ƙarin zogi, da kumburi, da ɗumi a gefen rauni, da mugunya mai wari. In har kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya biyo baya, to al'amarin ya kai gaban likita.

Sau da yawa hannun mai wankin raunin ne ke kawo cutar. Tun a shekarar 1847 Ignaz Semmelweis ya nuna a wani asibitin birnin Biyana cewa wanke hannu da ruwan kulorin yana rage mutuwar masu jego, amma likitocin zamaninsa suka yi biris da shi. A 1867 Joseph Lister na Gilasgo ya bayyana yadda yake tsabtace raunuka da sinadarin kabolik.

Bisa wannan tushe ake aiki har yau. Ma'aikacin jinya zai wanke hannu, ya sa safar hannu, ya ɗauraye raunin da ruwan gishiri na asibiti, wato giram 9 cikin lita 1. A cire mataccen nama, domin shi ne abincin ƙwayoyin. Akwai kuma tsohon zaton nan cewa wai sai rauni ya sha iska ya bushe yake warkewa. Binciken George Winter na 1962 ya rushe shi, don ya nuna cewa raunin da aka rufe da ɗan danshinsa ya fi saurin haɗewa.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba na kowane rauni ba ne. Yawan dirka su barkatai ke sa ƙwayoyin su ƙi jin magani; tun a 1961 aka gano a Ingila wani nau'in Staphylococcus aureus da ya gagari metisilin. Barbaɗa wa rauni ƙasa ko kashin shanu kuwa, kamar yadda akan gani a karkara, ganganci ne, domin can ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora take zaune. Saboda haka wajibi ne a tambayi duk wanda ya zo da rauni mai datti yaushe rabonsa da allurar rigakafin wannan ciwo.