Kora Ba Dalili: Yadda Dokar Aiki Take A Amurka

A birnin Chattanooga na jihar Tennessee, wani kamfanin jirgin ƙasa ya taɓa kafa sanarwa cewa duk ma'aikacinsa da ya yi sayayya a kantin wani ɗan kasuwa mai suna Payne, to a bakin aikinsa. Payne ya ga cinikinsa zai mutu, ya garzaya kotu. A 1884 kotun ƙolin jihar ta ba kamfanin gaskiya, ta ce ubangida yana da ikon sallamar ma'aikaci, da dalili ko babu, kai ko da dalilin na rashin adalci ne.

Har yau a kan wannan ƙa'ida ake tafiya a jihohi 49 cikin 50 na Amurka. Muddin babu rubutacciyar yarjejeniya ko kariyar ƙungiyar ƙwadago, mutum zai iya zuwa aiki da safe, kafin azahar a ce ya tattara nasa ya nasa. Masu kare tsarin suna cewa ai shi ma ma'aikacin yana iya ajiye aiki ran da ya ga dama. Amma ƙarfin ba ɗaya ba ne: kamfani zai ɗauki wani gobe, shi kuwa wanda aka kora ya rasa albashi, sau da yawa har da inshorar lafiyar iyalinsa.

Sannu a hankali aka yi wa ikon shinge. Peter Petermann, ma'aikacin ƙungiyar direbobi ta Teamsters, ya ce an umarce shi ya yi ƙarya bisa rantsuwa a gaban kwamitin majalisar California. Ya faɗi gaskiya, washegari aka kore shi. A 1959 kotun ɗaukaka ƙara ta ce doka ba za ta lamunci irin wannan kora ba. Dokar tarayya ta 1964 ta haramta kora saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali. Ta 1967 tana kare masu shekara 40 zuwa sama, ta 1990 kuma masu buƙata ta musamman.

Sai dai nauyin kawo hujja yana wuyan wanda aka kora, kuma a ƙa'ida kwana 180 gare shi ya kai koken wariya EEOC, hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki, ko 300 a jihohi da dama.

Jihar Montana ce kaɗai ta fita zakka. Tun 1987, wanda ya wuce lokacin gwaji ba a korarsa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma kotu na iya ba shi diyyar albashin da ya rasa har na shekara huɗu.