Matambayi Ba Ya Ɓata: Daga Zangon Fatake Zuwa Wayar Salula

Wata safiya mun tsaya shan shayi a unguwar Zongo da ke nan tsakiyar birnin Yamai. Benci cike da ƴan kasuwa, amma shiru kamar gidan makoki, kowa ya duƙar da kai ga wayarsa yana shafawa. Da yake aikinmu na radiyo bakinmu ba ya zama banza, sai muka jefa tambaya: shin me ya sa ake kiran unguwar nan Zongo? Aka dubi juna. Sai wani dattijo mai saida goro ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai yaran yanzu sun san abin da ke faruwa a Amurka, amma ba su san inda suke zaune ba."

To jama'a, zango dai shi ne inda ayarin fatake yake sauka. Tun kafin zuwan mota, madugu kan ja ayarin jakuna ɗauke da kanwa da tufafi har Gwanja, kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yanzu, a komo da goro. Shi ya sa har yau akwai Zongo a Kumasi da Akara da Lome da Kwatano. In baƙo ya sauka ya sha ruwa, abin da ake fara ce masa shi ne, "Ina labari?" Ya ce, "Sai alheri." Daga nan a shiga tambaya: nawa goro a can, wace hanya ce babu ƴan fashi, wane kogi ya kawo ruwa. Labari kansa haja ne, wanda ya riga jin sa shi ya riga cin kasuwa.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, kuma ƴan kasuwar hatsi na cikin waɗanda suka fara gane amfaninta. Kafin nan, mai son sanin kuɗin buhun gero a Maraɗi ko Damagaram sai ya jira sanarwar radiyo, ko ya hau mota da kansa ya kashe kuɗi da kwanaki. Wata malama Ba'amurkiya mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsinmu daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda waya ta kai, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ba wayar ce ta yi wannan aiki ba, alhazai. Mutanen da suka ɗauke ta suka yi tambaya ne.

Intanet kuwa da fari ta ƴan boko ce, sai wanda ya iya Faransanci kuma yake da kuɗin biyan awa a gidan kwamfuta. Iyayenmu mata ba su samu shiga ba sai da WhatsApp, wanda aka ƙirƙiro a 2009, ya kawo saƙon murya a 2013. Yau hajiyar da ba ta taɓa zama a lakkol ba tana rumfarta, a turo mata hoton sabon zane daga Lome, ta yi ciniki da bakinta cikin Hausa ko Zabarmanci, kaya su biyo mota. Ko ɗan ƙasarmu Mdou Moctar, kafin ya fara zagaya Turai da Amurka da gitarsa, waƙoƙinsa daga waya zuwa waya suka yi ta yawo a hamada, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke da ya sa ɗaya a faifai a 2011.

Amma fa kallo daban, tambaya daban, kuma a nan ne muke da ƙorafi. Mu kanmu mun kusa jin kunya. Wata rana ana dab da buɗe mana magana a gidan radiyo, aka turo mana bidiyon wuta tana cin rumfuna, da muryar wani yana rantsuwa cewa kasuwa ce a Yamai, yanzun nan. Wa zai ji haka hankalinsa bai tashi ba, a garin da Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982 ba a sake buɗe ta ba sai 1987, Ƙaramar Kasuwa kuma ta ƙone a 2012? Allah ya taimake mu muka buga wa wani mai rumfa a can, ya ce lafiya lau, shi dai yana ta awon shinkafarsa. Ashe tsohon bidiyo ne, kuma na wata ƙasa. Da mun faɗa, da mutum nawa za su bar abin da suke yi su ruga, da ɓarayi nawa za su ci kasuwarsu cikin turmutsutsu?

Kuma kada a manta da hukuma. Tun 2019 Nijar tana da dokar laifuffukan intanet. A 2022 an cire ɗauri ga laifin zagi da ɓata suna, amma a watan Yuni na 2024 aka maido da shi. Kafin uwargida ta danna ta tura murya ga zauren mata ɗari, ya kamata ta yi abin da take yi wa tumatur: ta juya shi ta ga ƙasan kwando. Wa ya faɗa? Yaushe? Yana wurin?

Masu karatu za su tuna bayan zaɓen Fabrairu na 2021 an yanke intanet ta salula kwana goma. Masu ciniki ta waya sun sha wuya ƙwarai, ba mu musu. Sai dai a kwanakin nan mun ga an ɗaga kai, hira ta komo bisa benci, kuma abin mamaki bai ƙare a kasuwa ba. Ga dala da muke lissafi da ita dare da rana, har baƙo ya rikice in an ce dala ashirin alhali ɗari ce a rubuce. Sunan ya samo asali daga wani kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinsa, wanda fatake suka yi ciniki da shi kafin zuwan Turawa. Daga baya aka laƙaba wa ƙwandalar tamma biyar. Atamfar Holan da ake sa wa a lefe, kamfanin Vlisco da aka kafa a 1846 ya kwaikwayo ta ne daga rinin mutanen tsibirin Jawa a Indunusiya. Albasar Galmi kuwa da muke gani tuli, ita ake layi a saya a Abijan da Akara.

Duk wannan yana cikin wayar da ke hannunmu, ga wanda ya nema, ko ya sa ɗansa ɗan lakkol ya nemo masa. Labarin dalar kam a bakin dattijon nan mai goro muka fara jin sa, muka je muka bincika, muka tarar haka ne. Da muka koma muka shaida masa, sai ya ce, "To ɗana, tunda wayar taku ta san komi, tambayo mini ita nawa huhun goro yau a Kumasi." Wani saurayi a gefe ya aika murya ga ɗan uwansa da ke can, kafin shayinmu ya huce amsa ta iso. Dattijo ya saurara har sau biyu, ya girgiza kai, ya ce wanda ya kawo masa kaya jiya zai dawo ya same shi.