Daren Baƙo a Kazaure: Yadda Malami da Iyalinsa Kan Zama 'Yan Gari

Duk wanda ya taɓa aikin hukuma ya san ranar da takardar canji kan iso. Tun zamanin En'e har zuwa 1976 da aka kawo tsarin ƙananan hukumomi, har yau ɗin nan, akawu da malamin makaranta ba su da gari sai inda aiki ya ajiye su. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, ba mutum ɗaya ake yi wa canji ba, gida guda ake tumɓukewa. Maigida ya tarad da abokan aiki ran Litinin, amma uwargida fa? Don haka muka ga ya kyautu mu buga misali da malami da matarsa waɗanda suka sauka Kazaure ran Juma'a da la'asar, mu bi su har daren Lahadi.

Da fari dai a san garin. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, in an wuce Dambatta, duwatsu sun kewaye ta. Masu tarihin baka sun ce wani maharbi ne ya dubi wurin a tsakanin duwatsun, ya ce ai wannan kamar zaure, daga nan sunan ya bi garin. Ɗan Tunku ne ya kafa sarautar a wajen 1819, ɗansa Dambo kuwa, wanda ya gaje shi a 1824, shi ya mai da garin mazaunin sarki. A da tana cikin Lardin Kano da En'e tata ta kanta, sa'an nan a 1991 ta faɗa cikin Jihar Jigawa. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk ƙasar Sarkin Kazaure ce, Babura kuwa maƙwabciya ce, tana bin Ringim. Ga babbar makarantar koyon fasaha mai sunan marigayi Sarki Husaini Adamu, wadda ke jawo malamai da ɗalibai daga nesa. Watau gari ne da ya saba da baƙi.

To, daren Juma'a ba daren yawo ba ne. Kaya na tsakar gida, ba a ko hura wuta ba. Nan ne baƙo zai fara ganin halin gari, gama da wuya a yi lisha yaro bai yi sallama da akushin tuwo daga maƙwabta ba. Mai hankali ba ya mai da kwanon nan wofi, ko da goro ne ya sa a ciki. Sa'an nan maigida ya tsaya bayan salla a masallacin unguwa, ya gaisa da liman da dattawa, ya faɗi sunansa da aikinsa da inda ya fito. Kashegari da hantsi ya je ya gai da mai unguwa. Wanda ya tsallake wannan, ko shekara ya yi, sunansa baƙo.

Ran Asabar da dare ne ake zaga gari. Waɗansu kan ji an ce yawon dare su ɗauka sai a Kano ko Kaduna ake samunsa. Ba haka ba ne, kowane gari da irin darensa. A bakin babbar hanya, inda motocin Daura da Kano ke tsayawa, fitilu kan kama ci bayan lisha. Ga mai shayi da teburinsa da bencinsa, ga mai tsire na jera tsinke a gefen wuta, ga mai balangu, ga mai soya kifi, tun da garin na da madatsar ruwa. Samari sun cika gidan kallon ƙwallo, in an ci a Ingila ihu ya tashi a Kazaure. Can cikin lunguna kuwa ana jin almajirai na biya allo, dattawa sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suna hira.

A al'adarmu dare ne lokacin unguwar matan aure, saboda haka a nan ne rabon uwargida yake. Sai ta yafa mayafi ta ce, "Malam, ba ka raka ni in gai da mutanen da suka aiko mana da tuwo jiya ba?" Shi kuwa ya ɗauki tocila ya wuce gaba. Ta shige cikin gida wurin mata, shi ya tsaya zaure wurin maigidan. A sa'a guda ɗin nan za ta san gidan da ake sayar da ƙuli-ƙuli, da inda ake kai niƙa, da makarantar Islamiyya ta matan aure, da ungozomar unguwa, da wadda ke riƙe da adashi. Shi ma ya ji wane mai garuwa ne ba ya saɓa alkawari. Kan hanyar komawa ya tsaya ya sayo tsire, su ci tare a ɗakin da ba a gama jera shi ba. Zumunta dai a ƙafa take.

Amma fa Hausawa da suka ce dare mahutar bawa, su ne kuma suka ce dare rigar mugu. Haɗarin da ke gaban sabon ma'aikaci ba ɓarawo ba ne, majalisa ce. Mai albashi ba ya rasa abokai a daren farko. In ya saba zama teburin mai shayi har sha biyun dare, yau shi ya biya wa kowa, gobe a buɗe masa littafin bashi, kafin wata ya yi nisa albashi ya ƙare. Matarsa kuwa tana can ita kaɗai a garin da ba ta da uwa ba ta da uba, tana sauraron motsin ƙofa. Aure da dama daga nan ya fara tsagewa, ba don rashin abinci ba, don kaɗaici. Ga kuma mutunci: a gari irin wannan, inda aka ga malami da dare, da safe iyayen yaransa sun ji.

Ran Lahadi sai a ƙarasa jeren ɗaki, a wanke tufafin aiki, da yamma a fita shan iska wajen duwatsu ko bakin ruwa, a kwanta da wuri. In an bi da kwana ukun nan yadda ya kamata, ran Litinin malam zai tafi makaranta hankalinsa kwance, ya bar matarsa da maƙwabtan da suka san sunanta.

Muna roƙon mutanen gari su ma, daga Kazaure har Babura da Roni da Gwiwa, in mota ta sauke kayan baƙo a unguwarku, kada ku jira shi ya nemo ku. Wanda ya karɓi baƙo yau, wata rana takardar canji za ta kai ɗansa ƙofar wani. Allah ya ba mu maƙwabta nagari, amin.